Amsar Anti kan yaron da ya daina wasa

Waɗanda ba su samu sauraron muryar Anti ba, ga ta nan an rubuto muku.

Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanwata da kika turo tambaya jiya da daddare, sau biyu na saurari muryarki. Kin ce yaronki ɗan shekara biyar ya daina wasa, ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari, kullum ciki na ciwo, an je asibiti ba a ga komai ba. Surukarki ta ce sangarta ce, maigida ya ce ke kika lalata shi. Shi ne kike tambaya wai yaro ƙarami yana kamuwa da ciwon damuwa, in kuma yana kamuwa, laifin uwa ne ko na uba.

To, yana kamuwa. Ni dai jinya na yi a ɗakin yara, ba zan ce miki shi ne ke damun ɗanki daga waya ba, amma ciwon akwai shi. Wata likitar ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Joan Luby, ta jami'ar Washington da ke St. Louis, ta yi shekaru tana bibiyar ƙananan yara, ta nuna ana samunsa tun daga shekara 3. Sai dai yaro ba zai zo ya ce Umma raina a ɓace yake ba. Za ki ga wasan da yake mutuwar so ya fita ransa, abu kaɗan sai kuka ko fushi, barci da cin abinci sun rikice. Alamar da ta fi ba ni tausayi ita ce ɗaukar laifi. Kofi ya fashe a wani ɗaki, ya ce ni ne, ni ba ni da kirki. In an wuce mako biyu a haka, abin dubawa ne.

Maganar laifin wa kuwa, ki sauke wannan kayan daga kanki tukuna. A 2007 wasu masana suka tattara bincike 45 kan tarbiyyar iyaye da damuwar yara, suka ga rabon tarbiyya a ciki wajen kashi 8 ne cikin 100. Sauran akwai gado, akwai halittar yaron, akwai rashin lafiya, rashi, talauci, makaranta. Shi ya sa ciki ɗaya, tuwo ɗaya, wannan ya yi ta dariyarsa, wancan ya shige lungu. Amma fa wannan ɗan kason shi ne a hannunmu, shi ya sa zan tsaya a kansa.

Abin da suka ga ya fi illa shi ne ƙi da tsangwama, ya fi yawan doka da sa ido. Kin gane bambancin? Ki hana yaro fita bayan magariba, ki kafe a kai, zai yi kukansa ya ware. Amma kullum ɗan banza, sakarai, dubi ƙaninka ya fi ka, kai dai ba za ka yi albarka ba? Mu mun manta da mun faɗa tun kafin tukunya ta tafasa. Shi kuwa ɗan shekara biyar bai san baƙar magana ba, duk abin da uwa ta faɗa karatu ne yake haddacewa.

Kuma kin ce ɗan farinki ne, ko? Nan ne nake so mu yi wa kanmu adalci. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ni ma haka na yi da nawa. Amma a gidan da aka yi wannan al'adar akwai kaka, akwai goggo, akwai matar baffa, su ke goya shi, su ke yi masa kirari. Yanzu kina gidan haya ciki da falo a birni, daga ke sai shi. Kin riƙe kunyar, kakar kuma tana ƙauye. To wa zai rungume shi? A ganina, in kin rufe ƙofa ki ajiye kunyar nan a bakin ƙofa tare da takalmi.

Yauwa, sai iyayen gida. Na san wasunku za su tura musu, ku tura. Malam, cefane da kuɗin makaranta Allah ya saka da alheri, amma ba su ne ƙarshen aikin uba ba. A Ingila, a yankin Bristol, an bi dubban iyalai, sakamakon ya fito a 2005: uban da ke cikin ciwon damuwa makonni kaɗan bayan haihuwa, ɗansa ya fi fuskantar matsalar ɗabi'a a shekara uku da rabi, musamman 'ya'ya maza, ko da uwar lafiyarta ƙalau. Kusan uba ɗaya cikin goma na shiga wannan hali a lokacin ciki da jego. Namiji kuma ba kuka zai zauna yana yi ba. Faɗa zai yi ta yi, ko ya tare a majalisa sai yara sun yi barci, ko ya shigo kowa ya kama kansa kamar an ga kura. Kun san hadisin Aƙra'u ɗan Habis, da ya ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sumbaci Hasan, ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da aka ba shi kun san ta: wanda ba ya jinƙai ba a jin ƙansa.

Ki yi haƙuri ƙanwata, zan dawo kanki. A ƙarshen muryarki kin ce ke ma tun haihuwar ƙaramar ba kya barci, kina kuka ba dalili. Kin faɗe shi da sauri kika wuce, ni kuwa a nan na tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mai jego ɗaya cikin biyar na fama da irin wannan. Akwai wani gwaji da wani masanin halayyar yara, Edward Tronick, ya yi tun shekarun 1970: uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskare fuska na ɗan lokaci. Jaririn ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, da ya ga ba amsa sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Minti biyu ke nan fa, ina ga watanni? Amma tana sake fuska yake dawowa. A 2006 ma an ga uwayen da aka yi wa magani suka warware, 'ya'yansu da dama sun samu sauƙi cikin wata uku.

Don haka ku biyu za ku je. Ki fara da likitan yara, ki faɗa masa duk abin da kika faɗa mana, har naki, ya tura ku ɓangaren ƙwaƙwalwa. Akwai a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Kada ki ji sunan ki ce ɗana ba mahaukaci ba ne. A wannan shekarun ba da ƙwaya ake farawa ba, iyaye ake koya wa yadda za su zauna da yaron. Addu'a da tofi ki ci gaba, ba sa hana zuwa. Fitsarin nan kuma don Allah kada a dake shi a kai, kada a shanya katifar ana yi masa waƙa. In za ku yi cacar baki da maigida, ku bari ya yi nisa.

Af, ana kiran salla. Ki biyo ni ta gefe ki faɗa min, fitsarin kwancen kafin haihuwar ƙanwarsa ya dawo ko bayanta?