Me ya sa intanet ɗina ke rarrafe da rana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a wani bene a Zariya. Da sassafe Wi-Fi ɗina kamar walƙiya, amma da zarar maƙwabta sun buɗe shagunansu sai ya koma rarrafe, ga data na nan ba ta ƙare ba. Kusan kowane shago da rautarsa, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi. Ko satar mini suke yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ɗauki alhakin maƙwabtanka tukuna. Fara haɗa kwamfutarka da rautar ta wayar kebul. In ta yi sauri a haka, to matsalar a iska take.

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo a gajeren zango ya san yadda tasha biyu ke hawa kan juna har ka kasa jin ko ɗaya. Rauta ma rediyo ce. Galibinsu suna aiki a zangon 2.4 GHz, mai tashoshi 13, amma tsakanin tasha da tasha 5 MHz (ma'aunin faɗin zango) ne kawai, alhali kowace rauta tana cin wajen 20 MHz. Shi ya sa uku ne kaɗai ba sa shiga gonar juna: 1, 6 da 11.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Idan kai da maƙwabcinka kuna kan 6, rautocinku suna jin juna, wannan ta yi magana waccan ta saurara. Amma in ka koma 8 da sunan guje masa, ka shiga tsakanin 6 da 11, kana dame kowa, kowa na dame ka. Na sha ganin masu shago sun yi wannan kuskure da kyakkyawar niyya, abin yana ba ni takaici.

Ka sa manhajar duba Wi-Fi a wayarka, ka ga wacce cikin ukun ta fi sauƙin cunkoso. Adireshin shiga saitin rauta yana rubuce a ƙasanta. In tana da 5 GHz, koma can: tashoshi sun fi yawa, kuma bai cika ƙetare bango ba, don haka hayaniyar maƙwabta ba ta iso ka sosai. Ka ɗaga rautar sama, nesa da kabad ɗin ƙarfe.

Sannan ku zauna da 'yan benen, ku raba tashoshin nan uku, kowa ya rage ƙarfin rautarsa daidai faɗin shagonsa. In ka gwada, rubuto mini yadda ta kaya.