Amsa ga 'yar'uwa mai son bambanta bango ɗaya a falo mai ruwan toka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce fentin falonki ruwan toka ne, kujerun ma haka, kuma yanzu ɗakin ya yi miki dishi-dishi, shi ya sa kike son a bambanta bango ɗaya da sauran, sai dai kin rasa launin da za ki ɗauka, kuma kina wasiwasi tsakanin fenti da takardar bango da katako. Ni ma falona ruwan toka ne, na yi wannan aikin a cikinsa, na kuma ga yadda ya kaya a gidajen waɗanda suka nemi shawarata. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki sayi komai sai kin gane irin tokar da ke jikin bangonki da irin hasken da ke faɗa mata, domin a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci.

Ruwan toka ba iri ɗaya ba ne. Wani ya karkata zuwa shuɗi, wani zuwa kore, wani zuwa shunayya, wani kuma yana da ɗan ruwan ƙasa a cikinsa. Ido ba ya saurin kama wannan bambancin sai an ajiye wani launi a kusa da shi, kuma shi ne dalilin da ya sa launin da ya burge ki a hoton falon wata zai iya zuwa naki ya yi kamar ba shi ba. Da rana, ki kashe fitilu, ki ɗora farar takarda a jikin bangon, ki ja da baya ki duba. Farin zai tona miki inda tokar ta karkata.

Idan ta karkata zuwa ruwan ƙasa, tana karɓar makuba da ruwan jar ƙasa da ruwan ɗorawa mai duhu wanda aka kashe wa kaifi. Idan ta karkata zuwa shuɗi, shuɗi mai duhu yana zama da ita lafiya, amma tunda kukanki shi ne ɗakin ya yi dishi-dishi, ba zan ba ki shawararsa ba sai in kina da kayan katako da yawa a falon, saboda shuɗi a kan toka mai shuɗi yana ƙara wa ɗaki sanyi a ido. Ni kore mai duhu wanda aka ɗan surka da toka na zaɓa, kuma har yanzu shi na fi amincewa da shi, domin yana zama da mafi yawan ire-iren toka, kuma duk wani abu na katako ko na tagulla da aka ajiye a gabansa sai ya fito fes. Ja zur da ruwan ɗorawa mai haske kuwa suna gajiyar da ido a bango guda cur, ga shi kuma suna cin fenti, sau da yawa sai an yi hannu uku kafin su rufe.

Batun haske ya kai launin muhimmanci, wataƙila ma ya fi shi. Ki duba kwalin ƙwan fitilarki, za ki ga lamba da harafin K a gefenta. Mai 6500K fari ne tas mai ɗan shuɗi, kuma shi ne yake mayar da falo mai ruwan toka kamar ɗakin jiran asibiti. Mai 2700K zuwa 3000K yana ba da haske mai ɗumi, 4000K kuma yana tsakiya. Na ga falon da ƙwayayen fitila kawai aka canza, rabin ƙorafin mai ɗakin ya tafi tun kafin a buɗe bokitin fenti. Tagar da ke kallon gabas da wadda ke kallon yamma ma ba iri ɗaya suke nuna launi ba, don haka ki sayi ƙaramin gwangwani na launin da kike so, a shafa shi hannu biyu a babban kwali, ki riƙa jingina shi a bangon da safe da la'asar da dare, har kwana biyu ko uku. Kada ki dogara da ɗan katin launi na shago, domin launi yana ƙara ƙarfi idan ya mamaye wuri mai faɗi.

Sai kuma zaɓen bangon kansa. Ki tsaya a bakin ƙofa ki ga inda idonki ya fara sauka, galibi bayan doguwar kujera ko inda talabijin yake. Bangon talabijin yana son launi mai duhu, saboda allon yana sajewa da shi idan an kashe, kuma wayoyi ba sa fitowa sosai. Ki guji bangon da taga take jikinsa, domin hasken da ke shigowa ta bayansa zai sa ki riƙa ganinsa baƙi ƙirin da rana, haka ma wanda ƙofofi suka yayyanka. Idan falon dogo ne siriri, a sa duhun a gajeren bangon da ke can ƙurya, sai ya zama kamar ya matso, tsawon ya ragu a ido.

Fenti ne mafi sauƙin gyara idan ranki ya canza. Ki nemi marar sheƙi ko mai ɗan sheƙi kaɗan wanda ake iya gogewa, domin launi mai duhu mai sheƙi yana bayyana duk wani tudu da kwari na filasta. Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a hannu ɗaya, saboda haka bango mai faɗin mita 4 da tsayin mita 3 zai ci kamar lita biyu da rabi a hannu biyu. Ki ce wa mai fentin ya manna salatif ɗin takarda a kusurwa, ya fara bi ta bakinsa da tsohuwar tokar kafin ya sa sabon launin, sannan ya ɓare shi tun fentin bai gama bushewa ba, layin zai fita a miƙe.

Takardar bango tana da kyau idan kujerunki da labulenki ba su da zane. Nadi ɗaya yawanci faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10, kuma dole ne a saye su duka a lokaci ɗaya masu lambar bugu ɗaya, in ba haka ba launin zai ɗan saɓa. Sirarran katakai da ake jerawa a tsaye su ne suka fi kawo wa toka ɗumi, sai dai suna tara ƙura a tsakaninsu kuma suna buƙatar kafinta mai hannu. Duka biyun ba sa jure danshi. Idan kin ga fenti yana kumbura ko wani farin gari yana fitowa a ƙasan bangon, a fara gano inda ruwan yake shigowa a toshe shi, domin rufe shi da ado ba zai hana shi ci gaba ba.

Bayan an gama, kada a bar launin shi kaɗai a bango. Ki maimaita shi a wuri biyu ko uku, kamar matasan kujera da ɗan zane a kafet, amma ban da labule gaba ɗaya, don kada ya rinjayi tokar. Idan za ki rataye hoto ko madubi a jikinsa, tsakiyarsa ta kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, in kuwa a saman kujera ne, ki bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bayanta.