Ƙanwata, ki san sunan abin da ke cikin ƙullin kafin ki taho Ingila

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, Allah ya sanya albarka a wannan gurbin karatu da kika samu. Kin ce Hajiya ta fara haɗa miki guzuri: garin zogale, hulba, tazargade, sassaƙen maɗaci, da wani haɗin maganin sanyi da aka karɓo mata a Kasuwar Kurmi. Kina tambaya ko za a bar ki ki shigo da su, kuma ko ana samun irinsu a nan.

Shawarata ita ce, duk abin da za ki iya faɗin sunansa, da itacen da aka samo shi, da abin da ake sha dominsa, to a yi maganarsa. Wanda kuwa sunansa kawai "haɗi", ki roƙi Hajiya cikin ladabi ta riƙe shi a gida. Gari ne a ƙulle cikin leda, babu rubutu, babu lambar NAFDAC, kuma mai haɗawar ba zai faɗa miki sirrinsa ba. Idan jami'in filin jirgi ya ɗaga ledar ya ce mene ne wannan, me za ki ce? Tun daga Kano ko Abuja ma jami'an NDLEA na iya tsayar da ke a kansa. Kada kuma ki yarda ki riƙo wa kowa saƙon ƙulli, ko da ɗan uwa ne, matuƙar ba a gabanki aka ɗaure shi ba.

Dokar shigo da kaya a nan tana da tsauri a kan nama da madara daga ƙasashenmu, don haka kilishi da man shanu ba sa shigowa. Ɗanyen ganye da irin shuka sai da takardar shaidar lafiyar tsiro. Zuma an yarda da ita har kilo 2 ga mutum ɗaya. Sassaƙe da saiwa, ni dai ba na ba ki shawarar ɗauko su.

Kuma galibin abin da kike tsoron rasawa yana nan. Shagunan 'yan Pakistan da Larabawa da ke Rusholme da Cheetham Hill a Mancesta cike suke da hulba, habbatus sauda, kanumfari, citta, tsamiya da busasshen zoɓo. Zogale har a shagunan kayan gina jiki irin Holland & Barrett ana sayar da shi, gari da ƙwayoyi, da tsadar da za ta ba ki mamaki. Garin 'ya'yan kuka ma tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a matsayin abinci. Abin da zai taimake ki shi ne ki rubuta sunayen kimiyya a wayarki, domin da su likita da mai kemis za su gane ki: zogale Moringa oleifera ne, darbejiya ko dogon yaro Azadirachta indica, habbatus sauda Nigella sativa, maɗaci Khaya senegalensis, sabara Guiera senegalensis. Filaskon da ake ba mu don wankin ciki dangin Senna ne, kuma ana sayar da ƙwayoyin senna a kemis ɗin nan don bushewar ciki. Idan za ki sayi maganin ganye a kwalba, ki duba tambarin THR, alamar cewa hukumar magunguna ta MHRA ta yi masa rajista.

Inda na fi so ki natsu shi ne wajen sunayen cututtuka. Mu a gida kalma ɗaya takan ɗauki ciwo biyar. Mace ta ce tana da sanyi: wata ƙaiƙayi da fitar ruwa take nufi, wata zafin fitsari, wata ciwon mara, wata kuma ciwon gaɓoɓi. Basir haka yake, daga bushewar ciki da tsiro da zubar jini har ciwon baya duk basir ne. Shawara kuwa, ido ya yi rawaya a ce shawara, alhali yana iya zama ciwon hanta da ke buƙatar gwajin jini cikin gaggawa. Na taɓa raka wata baiwar Allah wajen likita ina yi mata tafinta. Ta dage sanyi ne, ta yi wata da watanni tana jiƙo da tsuguno a ruwan bagaruwa. Da likitar ta bi ta da tambaya, ina ne ke ciwo, tun yaushe, akwai zazzaɓi, sai aka ɗauki fitsari, aka samu ƙwayar cuta ce da ta fara taɓa ƙoda. Don haka idan kin shiga, ki faɗi abin da jikinki ke yi dalla-dalla, ki bar likita ya sa wa ciwon suna.

Za su tambaye ki ko kina shan wani abu. Kada kunya ta sa ki ce a'a don kina ganin jiƙo ba magani ba ne. Ki faɗa, har da yadda kike sha: jiƙawa ake yi ko dafawa, gari ne a kunu, surace ne ko hayaƙi, sau nawa a rana. Ba za a kama ki ba, ba kuma za a yi miki faɗa ba. Dalilin tambayar shi ne ganye na aiki a jiki da gaske. Hulba na iya sauke sukari, zoɓo na iya sauke hawan jini, yawan tafarnuwa da citta kuma na iya ƙara zubar jini ga mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini. Mai juna biyu ta fi kowa buƙatar faɗa.

Tazargade dangin Artemisia ce, kuma daga wani jinsin wannan dangi Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da sinadarin da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi yau, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin maleriya da jiƙon ganyen ba, saboda ƙarfinsa ba ya da tabbas. Idan zazzaɓi ya kama ki bayan kin sauka, ko da bayan watanni ne, ki kira 111, lambar neman taimakon lafiya a nan, ki ce daga Najeriya kika zo, a yi miki gwajin maleriya a ranar.

Kuɗin lafiya da za ki biya tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi, shi ya ba ki damar ganin likita a NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnatin nan. Ki yi rajista da asibitin unguwa a makon farko, tun kina da lafiya. Ki sayi bitamin D kuma, domin rana ta yi ƙaranci a nan, kuma NHS na ba masu duhun fata shawarar shan maikurogiram 10 kullum duk shekara.

Ki turo mini hoton duk abin da Hajiya ta haɗa kafin ki rufe akwati, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki gaishe ta da kyau, Allah ya kawo ki lafiya.