Kafin ka kira mai haƙa: amsoshi kan sokawe da ruwan rijiya

Wani malamin makaranta ya sayi fili a bayan gari, ƙasar jigawa ce, yana tambaya yadda zai san za ta sha ruwan sokawe.

Malam, kada yashin sama ya ruɗe ka, sau da yawa laka ko marmara ce a ƙarƙashinsa. Haƙa rami zuwa zurfin da ruwan zai riƙa fita, a gindinsa ka yanka ƙaramin rami, faɗi da tsawo da zurfi duk santimita 30. Cika shi da ruwa ya kwana don ƙasar ta ƙoshi. Idan ka tarar da ruwan da safe, nemi wani wuri. Idan ya tsotse, kafa sanda mai zane biyu da tazarar santimita 15 a tsakiyar ramin, ka sake cikawa, ka duba agogo daga zanen sama zuwa na ƙasa. Ƙasa da rabin awa, ƙasar ta cika zuƙa, ƙazanta za ta wuce ba ta tatu ba. Fiye da awa huɗu, wata rana ruwan zai dawo maka banɗaki. Yi gwajin sau uku a ramuka biyu. Kada ka yi shi da bazara, lokacin da ƙasa ta daddare tana shanye komai.

Wani magidanci daga yankin Haɗeja ya ce birkilansa ya ba shi shawara a haƙa sokawe har a cimma ruwa, a bar gindin tankin da bahaya ke fara taruwa a ciki ba daɓe, wai ba za ta taɓa cika ba.

Alhaji, gaskiya ya faɗa, ba za ta cika ba, domin bahayan gidanka zai riƙa tafiya cikin ruwan da kai da maƙwabtanka kuke sha. Wannan ɗabi'a ta ishe ni. Mutum zai zuba kuɗi a tayil da fenti da ƙofar waje, da an zo ramin da ido ba ya gani sai ya tuna siminti ya yi tsada, ya sayo bulon da ke marmashewa a hannu. Abin da ya rage a buhu biyar, taifot da kwalara su karɓe shi a asibiti.

Ƙasa ce ke tace ƙazanta, kuma busasshiya mai iska ce ke yin aikin. Shi ya sa ake son aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin gindin sokawe da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A yankinku na fadama, kada ka auna da rani. Leƙa rijiyoyin maƙwabta a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ka tambayi masu haƙar rijiya na garin. Idan ana haƙa ka ga ƙasar ta koma ruwan toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, alama ce ruwa na hawa har nan da damina. Inda ruwa ke kusa, a haƙura da rami mai zurfi, a shimfiɗa bututu mai huji a dogayen kwalbatoci marasa zurfi da aka cika da tsakuwa, ko a ɗaga wurin da cikon yashi.

Tankin kuwa dole ya riƙe ruwa kamar randa: daɓen kankare, bulo inci tara cike da siminti, filasta ciki, ɗaki biyu, na farko ya ci kashi biyu cikin uku. Bututun fita ya fi na shiga sauka ƙasa da kamar inci uku, kowanne da mahaɗi mai siffar T. Kafin a rufe, cika shi da ruwa ka sa alama. Idan ya sauka washegari, kada ka biya cikon kuɗin aiki.

Wata uwa ta rubuto cikin damuwa: maƙwabci ya gina sokawe taku goma daga rijiyarsu, yaranta kuma ita suke sha.

'Yar'uwa, damuwarki na kan hanya, Allah ya tsare mana su. Tazarar da ake so mita 30 ce, kusan taku arba'in, kuma sokawe ta kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Inda akwai dutse mai tsaga ma 30 ɗin ba ta isa ba. Daga yau a tafasa ruwan sha, ko a sa masa sinadarin kulorin yadda aka rubuta a kwalbar. Haskensa da rashin wari ba shaida ba ne. Maigida ya kai samfur ɗakin gwajin ruwa a duba ƙwayoyin cutar bahaya, musamman da damina, sannan a je wa maƙwabcin da takardar sakamako tare da mai unguwa. Ya fi cacar baki ta kan katanga.

Wani kuma na tambayar wane garin magani zai saya ya zuba a tanki don kada ya taɓa kiran motar kwasa.

Babu shi. Gishiri, kananzir da bakin mai kashe ƙwayoyin da ke narkar da bahayan suke yi. Zura doguwar sanda sau ɗaya a shekara. Idan dagwalon ya kai sulusin zurfin tankin, kira mota. Kuma kada kowa ya shiga ciki, iskar da ke ciki tana kisa.