Shin Majalisar ECOWAS za ta iya tilasta wa ƙasashe ware wa mata kujeru?

Tambaya: Wata mai karatu daga Zariya ta ce tana jin ana maganar kashi 30 cikin ɗari na mata a Majalisar ECOWAS, amma a Majalisar Tarayya ba ta gani a ƙasa ba. To ina amfanin haɗin gwiwar?

Amsa: Malama, ba za ta iya ba, kuma dalilin yana cikin tsarinta. Majalisar da aka ƙaddamar a Bamako a Nuwamban 2000, mai zama a Abuja, ba talakawa ke zaɓen 'yan cikinta kai tsaye ba. Kowace majalisar ƙasa ce ke turo wakilai daga cikin 'ya'yanta. Kujeru 115 ne kafin ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025: kowace ƙasa aƙalla biyar, sauran a raba bisa yawan jama'a, shi ya sa Najeriya ke da 35, Ghana takwas.

Dokar da ta ƙara mata iko a 2016 ta wajabta a nemi ra'ayinta kan kasafin kuɗin ƙungiyar da gyaran yarjejeniyarta, amma wuƙa da nama suna hannun majalisar ministoci da taron shugabannin ƙasa. Kashi 30 ɗin da kike ji kuwa ya shafi tawagar da ƙasa ke turowa ne kawai, bai taɓa dokar zaɓenta ta cikin gida ba.

Ki duba lissafin. Kashi 30 na 35 mata goma sha ɗaya ke nan. Majalisar Tarayya ta goma mai mutum 469, matan cikinta ba su kai 25 ba, huɗu ne kacal a cikin sanatoci 109. Kenan sai an kwashi kusan rabinsu kafin a cika sharaɗin. Nan abin ke cijewa, domin da abin da ke rumbu ake tuwo.

Inda haɗin gwiwar ke tasiri shi ne koyi da juna, da kuma kunya. Senegal ta yi dokar raba takara daidai tsakanin maza da mata a 2010, Saliyo ta sa hannu kan ta kashi 30 a 2023, Nijar ma ta yi dokar ware wa mata kaso a 2000. Ɗan majalisar da ya zauna kwamiti ɗaya da wakilan irin waɗannan ƙasashe zai dawo da daftari a hannu da hujjar kare shi. Ƙungiyar majalisun duniya IPU, mai hedikwata a Geneva, ta fi matsawa: tana rage ƙuri'un tawagar da ta nace da zuwa da jinsi ɗaya zalla.

Kujeru na musamman ga mata a Najeriya sai da gyaran tsarin mulki: kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. A Maris na 2022 ƙudurin samar da irin waɗannan kujeru ya faɗi tun a matakin farko.