Riyad ko babban otal: ina za mu sauka a Marrakesh?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan kai iyalina da mahaifiyata birnin Marrakesh na Maroko a watan Disamba. An ba ni shawarar mu sauka a ƙaramin masaukin cikin unguwa da ake kira riyad, maimakon babban otal. Sai dai Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Me za ka ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri.

Riyad tsohon gida ne da aka gyara ya koma masauki, yawanci ɗakunansa ba su wuce goma ba. Daga waje bango da ƙofa kawai za ka gani. Kana shiga sai ga tsakar gida da itatuwan lemo da ruwa a tsakiya, ɗakuna sun kewaye, tagogi duk suna duban ciki. Wanda ya tashi a gida mai zaure cikin birnin Zazzau zai gane hikimar ginin nan take. Ni dai ina son irin masaukin nan ƙwarai, don ma'aikatansa kan san baƙo da suna, su kula da shi tamkar ɗan gida.

Amma gwiwar Hajiya ce za ta yanke hukunci. Akasarin riyad suna cikin tsohon birni, wanda aka kewaye da ganuwa tun ƙarni na 12, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Lungunansa ba a yi su don mota ba. Tasi zai sauke ku a bakin ƙofar gari ko wani fili, sauran tafiyar a ƙasa ce, mai kura na tura kaya a gaba, babura na ratsowa ta gefe. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka tambaye su tafiyar minti nawa ce daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofarsu, kuma su turo wanda zai tarye ku. Unguwannin da ke kusa da ƙofofi, irin Bab Dukkala ko Kasba ta wajen Bab Agnau, sun fi sauƙi.

Sai matakala. Ƙuntatacciya ce, mai tsayin taki, lif kuwa da wuya a samu. Ka nemi ɗakin ƙasa, su rubuto maka cewa sun ajiye shi, kada ka tsaya ga alkawarin baki. Wurare da yawa a saman bene suke ba da karin kumallo. Ka ce a kawo na Hajiya tsakar gida. Daren Disamba a can yana da sanyi sosai, to ka tabbatar akwai na'urar ɗumama ɗaki. Ka kuma tambaya ko ana sayar da giya a gidan, da ko baƙi na wanka a ruwan tsakar gida, domin riyad da yawa mallakar Turawa ne, kuma a ƙaramin gida ba inda mutum zai kauce.

Ka tuna cikin mutane za ku zauna. Bayan bangon nan iyalai ne, yara na zuwa makaranta, ana kai ƙullin burodi gidan gashi na unguwa. A gaida maƙwabta, kada a ɗauki hoton kowa sai da izini, a rage murya da dare, don a riyad maganar tsakar gida har ɗakunan sama ake jinta. Ribar kuwa babba ce: masallaci na kusa, mutanen garin Malikawa ne, da ƙira'ar Warshu suke karatu irin ta makarantun allonmu, bayan Asuba da Magariba kuma suna karanta izu a tare. Ina ganin wannan zai faranta wa Hajiya rai fiye da duk ƙawar otal.

Idan ka samu ɗakin ƙasa kusa da inda mota ke isa, ku sauka a riyad. Idan ɗaya ya gagara, ka kama otal mai lif a sabuwar unguwar Geliz, ku je riyad cin abincin dare. Da yawa suna karɓar baƙin waje in an sanar da su da wuri.