Jirgin ƙasa na cikin gari ko gudron na peyaji, wane Yamai za ta ciwo bashi a kai?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune Talaje ina karatu a jami'ar Abdu Mumuni, kullum sai na ƙetare gada safe da yamma. Mun yi gardama a fada, wani abokina ya ce jirgin cikin gari asarar kuɗɗi ne, gara a ba kamfani ya yi sabuwar hanya ta peyaji tunda gwamnati ko dala ba za ta kashe ba, masu mota ne za su biya. Ni kuma na ce talaka jirgi yake so. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaida mini ƴan fada, amma ka gaya ma abokinka wannan magana ta "ko dala" ba haka take ba. Duba Dakar, hanyar peyaji ta Dakar zuwa Diamniadio da anka buɗe a 2013, kamfanin Eiffage na Faransa ne ya riƙe ta, amma kaso mafi girma na kuɗɗin, da biyan diyyar mutanen da anka tada daga gidajensu, gwamnatin Senegal da masu ba ta bashi ne sunka zuba. Jama'a sunka yi ta kukan tsada har sai da anka sake zama kan yarjejeniyar a 2021, gwamnati ta shiga da kashi 25 cikin 100. A Legas kuma hanyar Lekki, ƙarshenta jiha ce ta saye kwangilar daga hannun masu ita. Kamfani ba ya zuba kuɗɗinshi don Allah, yana ƙirga mota nawa za su wuce a wuni, in lissafin bai cika ba sai ya nemi gwamnati ta tsaya mishi lamuni, ranar da motoci sunka kasa to baitulmali ne zai cike giɓin, wato ni da kai.

To yanzu ƙirga da kanka. Tsaya bakin gadar Kennedy wajen bakwai da rabi na safe ka ga su wa ke wucewa: kabu-kabu, taksi mai mutum huɗu kowa da inda za shi, faba-faba karen mota na rataye a ƙofa yana kiran Grand Marché, mai amalanke da kayan miya, ɗalibai a ƙafa, sai jefi-jefi mai motar kanshi shi kaɗai da gilashi a rufe. Cikin waɗannan wa zai ciro ɗari biyar ta sefa, kamar yadda ƙananan motoci ke biya a gadar Henri Konan Bédié ta Abijan da anka buɗe a 2014, alhali nan Yamai ga gada ta biyu ta 2011 da ta Seyni Kountché ta 2021 duk kyauta? Peyaji na cin riba ne inda masu mota ke da yawa kuma lokacinsu na da tsada. Sannan sabuwar hanya ba ta kashe cunkoso, ɗage shi take, don da zarar tahiya ta yi sauƙi mai babur ya sai mota, mai neman fili ya tahi can bayan kartiyen Niamey 2000 ya gina, bayan ƴan shekaru an koma gidan jiya.

Kai kuma kada ka yi murna tukuna. Jirgi kamar doki ne, saye rana ɗaya ne amma harawa kullum ce. Adis Ababa ta buɗe nata a 2015, kilomita 34, dalar Amurka miliyan 475 (ba dalarmu ta tamma biyar ba fa), kashi 85 bashi ne daga bankin Exim na Sin. Ginin ya yi kyau, amma anka tsaida kuɗɗin tike ƙasa don talaka ya iya shiga, abin da ke shigowa bai isa gyara ba, kayan gyaran kuma da kuɗɗin waje ake sayensu, shekaru kaɗan sai ga taragai da dama a ajiye fasinja na jira. Na Abuja an buɗe 2018, ya tsaya 2020, sai 2024 ya sake tashi, kuma babbar matsalarshi tashoshin sun yi nesa da inda mutane ke kwana. Mu ma nan gida ai mun gani, layin dogon da kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, an yi bikin tasha a 2014 an gama shimfiɗa a 2016, amma bai taɓa zama abin hawan yau da kullum ba.

Kusan duk duniya tike ba ya biyan jirgin cikin gari. Faransa tun 1971 ta sa ma masu ɗaukar ma'aikata na yankin Paris wani lanho kan albashin da suke biya, don ciyar da sufurin jama'a, daga baya sauran birane sunka bi. Hong Kong kuma filayen da ke kewaye da tasha ake ba kamfanin jirgi ya gina ya ba da haya. Mu ina namu? Yawancin masu aikinmu a kasuwannin Katako da Wadata suke, ba takardar albashi bare a yanka wani abu. Ga maganar wuta, jirgi ba ya jiran a maido kuran, kuma kowa ya tuna 2023 da Najeriya ta yanke layin. Ga yanayin garin kanshi, Dakar kamar wuyan tulu take, teku ta kewaye ta, kowa ta hanya guda yake shiga shi ya sa jirgin ƙasan nan nasu na TER na 2021 ke cika. Yamai ƙidayar 2012 ta ba ta miliyan 1 da ɗan ɗoriya, gidaje na ƙasa sun bazu ko'ina, jirgi kuma yana son mutane cunkushe a bakin layi.

Da ni za a tambaya, ba zan ci bashin ko ɗaya ba yanzu. Manyan bus zan sa gaba, a ware musu layinsu da kankare yadda taksi ba zai shiga ba, daga Aeropor zuwa tsakiyar gari, daga Harobanda zuwa babbar kasuwa, kamar yadda Legas ta fara a 2008 kuma Dakar ta yi a 2024 duk da tana da jirgi. Kuɗɗin kilomita guda na dogo zai yi kilomita da yawa na wannan, kuma makanikanmu sun san injin bus. A jawo masu faba-faba cikin tsarin su zama masu hannun jari ko masu kawo fasinja daga cikin kartiye, in anka ture su gefe su ne za su fara kashe shi. Peyaji kuma a kai shi inda yake da hujja, hanyar kewaye gari don manyan kamiyo, su ne ke farfasa gudron kuma lokaci kuɗɗi ne gare su, a rubuta cikin doka cewa wani kaso na abin da anka karɓa na bus ne. Filin da jirgi zai bi nan da shekara 20 kuwa yau ya kamata mari (ma'aikatar magajin gari) ta shata shi ta hana gini a kai, don diyya na cinye kaso mai yawa na ƙarfin irin wanga aiki.

In kun koma fada ka tambayi abokinka abu guda, ranar da motocin da kamfani ya ƙirga ba su zo ba, sunan wa ke kan takardar lamunin? Shi kuma yana da damar ya tambaye ka wa zai sai ma jirginka birki a shekara ta biyar.